Kurciyar Kurmi a Ɗakin Matar Ƙanena

Ƙanena ya tafi cin rani kudu bayan an gama sussukar dawa, kamar yadda ya saba kowace shekara. Sai dai a wannan karon ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, bai dawo ba. Wayarsa a kashe. Abokan tafiyarsa suka yi ta dawowa Tambuwal ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa labarin, wannan ya ce ya gan shi a tasha, wancan ya ce ya ji an ce ya ƙara gaba. Babu wanda ya ce ya mutu, babu kuma wanda ya ce ga inda yake. Ya bar matarsa a gidanmu, 'yar mutanen Kebbe, shekararsu biyu da aure, ba su kai ga haihuwa ba.

Inna, mahaifiyarmu, tuni ta yanke hukunci a zuciyarta cewa kurciya aka yi masa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda ake faɗin abin: a kama kurciya, a ambaci sunan mutum a kanta, a ɗaura mata laya ko zare a sake ta, yadda ta tashi ta bar wurin haka shi ma zai bar gida, ya yi ta gaba ba waiwaye. Ni ban yarda da wannan ba, na kuma sha faɗa wa Inna har ta daina yi mini zancen. In na shiga gaishe ta sai ta kama maganar tsadar taki.

Ni malamin gona ne. Na yi shekara shida ina aiki a ƙauyukan Kebbe kafin a dawo da ni gida, kuma ina da wani hali da matata ta gaji da yi mini faɗa a kansa. Ba na iya jin an yi kuskure in yi shiru. In aka kira maiwa gero a gabana sai na gyara, ko a wurin zaman makoki ne. Wannan halin nawa ne ya kusa raba 'yar mutane da ɗakinta da mutuncinta gaba ɗaya.

Wata Talata da hantsi ina ƙofar gida ina goge babur, sai na ji salatin Inna, irin wanda ba ta yi sai abu ya kai abu. Na shiga da tsumma a hannu. Ashe Inna ce ta shiga neman rariya a ɗakin matar ƙanena, ita kuwa ta tafi ɗebo ruwa, sai Inna ta ji motsi a ƙarƙashin gado. Ta jawo wani kwando da aka kife a kan faifai aka danne da dutse. Kafin in iso an fito da shi tsakar gida. Inna na tsaye a kansa hannu biyu a ka, matata na gefe, ga Baffa yana shigowa da sandarsa. Baffa ƙanin mahaifinmu ne, shi ne babban gidan tun da Baba ya rasu.

Aka ɗaga bakin kwandon kaɗan. Wata 'yar tsuntsuwa ce ta maƙure a gefe, ga 'yar tasa da ruwa, ga tsaba a watse. A ƙafarta ta hagu akwai baƙin zare, an ɗaure ɗaya bakin a jikin kwandon.

Daidai nan matar ƙanena ta shigo da bokiti a ka. Ta ga kwandon, ta gan mu. Ba ta sauke ruwan ba, ta tsaya da shi yana zubo mata a kafaɗa.

Matata, Allah ya saka mata, ita ta nemi rufa asiri. Ta ce, "Inna, ai kurciyoyin ga kullum suna faɗowa daga dogon yaro. Wataƙila ƙarama ta, tat tsince ta tana jinya."

Baffa ya gyaɗa kai. Na ga alamar yana so ya karɓi wannan maganar a wuce wurin. Ita ma Inna hannunta ɗaya ya sauko daga ka.

Ni kuwa na riga na durƙusa ina leƙen kwando, abin da na gani ya ɗauke mini hankali daga duk abin da ake ciki. Kurciyar da ke kwana a dogon yaron gidanmu tana da ɗige-ɗige a wuya da doguwar wutsiya mai farin baki. Wannan ba ta da ko ɗaya. Dunƙulalliya ce, wutsiya gajera, baki baƙi, ƙirji fari-fari da ɗan ja. A kan fiffikenta akwai tabo uku ko huɗu masu duhu, in haske ya taɓa su sai su yi shuɗi suna ƙyalli. Da ta motsa na hango layi biyu baƙaƙe sun gitta mata baya, ƙarƙashin fiffiken kuma ja ne kamar jan ƙasa.

"A'a," na ce, har da ɗan daɗi a muryata, Allah ya yafe mini. "Wagga ba kurciyar gari ta ba. Ku diba fiffike, ku diba wutsiya. Kurciyar kurmi ta, ba ta shigowa gari ko kusa. Ni dai ban taɓa ganin irinta ba sai dajin Kebbe."

Sai da kalmar ƙarshe ta fita na ji abin da na faɗa. Matata ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya taka tuwon baƙi. Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

Inna ta juya a hankali. "To wa ka zuwa Kebbe cikin gidan ga?"

Kowa ya san yarinyar ta je ganin gida, ran Lahadi ta dawo da kwando a lulluɓe, aka ɗauka tsaraba ce.

Baffa ya sa ta sauke ruwan ta durƙusa. Sau uku yana tambayarta mene ne wannan, wa ya ba ta, me take yi da ita a ƙarƙashin gadon mijinta. Kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan zanenta, abu ɗaya take maimaitawa. "Ban cuce shi ba, Baffa." Bayan wannan ko da wuƙa aka sa mata ba za ta ƙara ba. Shirun nan shi ya fi komai ɓata wa Inna rai. Ta ce da mai gaskiya ce da ta buɗe baki, ta ce shekara biyu tana ciyar da wadda ta raba ta da ɗanta, ta faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su ba.

Baffa ya yanke cewa jibi Alhamis bayan azahar a mayar da ita gidan ubanta, wai har mijin ya dawo. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Za ta fita da sunan wadda ta yi wa mijinta asiri, labarin zai riga ta isa Kebbe, kuma ko bayan shekara goma aka raba auren babu mai kai kansa wurinta. Tsuntsuwar kuwa Inna ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. Ta ce kada a sake ta, don in ta tashi ɗanta ya ƙara nisa, kada kuma a yanka ta, don ba ta san ran wa za a yanke ba.

Ni ba ni da hanyar tambayar yarinyar. Wan miji nake, tsakanina da ita sai gaisuwa daga nesa, tun da aka kawo ta ban taɓa kallon fuskarta sosai ba. Na tura matata. Ta daɗe a can, ta dawo ta ce kuka kawai take yi tana ninke zannuwa. Sannan ta dube ni ta ce, "Sannu, malamin tsuntsaye. An ba ka lada?" Abin da ya fi cin raina shi ne ta sanadina aka yi auren. A lokacin da nake aiki can ne ƙanena ya kawo mini ziyara ya gan ta.

Washegari da sassafe na ɗauki babur na kama hanyar Kebbe. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanyar duk ta farfashe, wani wurin sai na sauka na tura. Ƙauyensu yana gaba da garin, a bakin daji, kuma kowa ya san yanzu ba a shiga dajin nan yadda ake shiga a da. A Kebbe wani mai faci da na sani ya ce in zan je in je in dawo da rana tsaka, kada in bari la'asar ta same ni a can. Na ce to.

Mahaifinta tsohon maharbi ne, ya daɗe da ajiye bindiga. Na ishe shi a gindin tsamiya yana tufka igiya. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi Baffa, ya tambayi ruwa da shuka, aka kawo fura. Bai tambayi 'yarsa ba, don 'yar fari ce, ba ya ambatonta. Ni na kawo zancen, na faɗa masa komai, ban ɓoye nawa laifin ba. Bai daina tufka ba har na gama. Sai da ya kai ƙarshen igiyar ya ƙulle, sannan ya miƙe.

"Tashi, Malam."

"Ina za mu, Baba?"

"Kac ce ka san ta. Zaka ka gan ta."

Muka bi bayan gonaki muka gangara rafi, inda itatuwa suka haɗe kai har rana ba ta isa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Tun da muka shiga duhuwar kunnena yake a buɗe. Can nesa na ji kamar ƙarar babura, na tsaya cik. Tsohon ko waiwayowa bai yi ba, ya ce injin ban ruwa ne. Ban yarda ba, amma na bi shi. Ya kai ni wata 'yar hanyar shanu a gefen ruwa, ya nuna mini saiwa ya ce in zauna, in kuma rufe bakina. Na gane labarin bakin nawa ya riga ya isa nan tun da daɗewa.

Muka zauna. Sauro ya samu nama. Ina duban agogo ina tuna maganar mai faci, ina tuna gobe Alhamis, ina jin haushin tsohon da ya kawo ni kallon ciyawa alhali 'yarsa na ɗaure kaya. Har na buɗe baki zan yi magana sai ya taɓa gwiwata.

Ta fito daga ƙarƙashin wata sarƙaƙiya da ƙafa, ba da fiffike ba. Kurciya ce, irin ta cikin kwandon sak, har tabon nan masu ƙyalli. Tana tafe tana gyaɗa kai, tana tsintar ƙananan 'ya'yan ciyawa a bakin hanya, ba ta fita daga inuwa. Ita kaɗai. Jim kaɗan wata ta biyo bayanta, suka yi ta kiwo ba ruwansu da mu. Tsohon ya ɗauki hoge ya jefa. Suka tashi da ƙarfi, fiffike ja, ƙasa-ƙasa kamar za su taɓa ciyawa. Ba su yi taki ashirin ba suka faɗa cikin wata duhuwar.

"Jira," ya ce.

Sai kukan ya zo. Na sha jin sa a shekarun da na yi a can ban taɓa sanin mai shi ba. Yana farawa a hankali, ɗaya-ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da bai tabbata a buɗe masa ba, sannan ya yi sauri yana raguwa har ya ɓace. Ba a daɗe ba sai ga su sun dawo da ƙafa daidai inda hogen ya faɗi, suka ci gaba da tsinta.

"Ka gani?" in ji tsohon. "Shekara nawa ni ka zama nan ina ganin su bisa hanyar ga. Sheƙarsu na can ga wancan icce, ko kai kana kai hannu, 'yan tsinke ɗai da ƙwai biyu. Wanda ka son korar mutum, kurciyar da a ka ce ma wala shi ka nema, ko waɗanda ka zakuwa garke-garke da rani su wuce. Wagga ko, inda anka ƙyanƙyashe ta nan ta ka tsufa. Ko ka kore ta sau goma, sau goma tana dawowa. Wane mahaukaci ka korar mutum da tsuntsun da ba shi barin gida?"

Na ce, "To me ya kai ta ƙarƙashin gado, Baba?"

"Ni nik kama ta."

Ya faɗa mini yana kallon ruwa. Da 'yarsa ta zo ganin gida ta rame, ba ta ci, ba ta barci, uwarta ta matsa mata har ta faɗi abin da ke cin ta. Su a gidansu na maharba suna da abin da suka gada na kiran wanda ya ɓata. A kama wannan kurciyar a raba ta da abokiyar zamanta, mace ta ajiye ta inda mijin ke kwana, kullum da safe ta kira sunansa a kanta, har kwana bakwai. Ran na bakwai a mayar da ita kurmin da aka kamo ta a sake. Yadda za ta koma wurinta, haka ake fatan shi ma ya komo. Zaren kuwa don kada ta kuɓuce in an ɗaga kwando za a ba ta ruwa.

Halin nawa ya motsa, na fara cewa ai wannan a addini, sai ya ɗaga mini hannu. "Malam, ban tambaye ka hukunci ba."

Na haɗiye sauran. Na ce to me ya hana ta faɗa, da tuni an wuce wurin.

Nan ne ya juyo ya dube ni, kallon da ya sa na ji kamar ban taɓa shiga aji ba. "Ɗiyata ta durƙusa gaban uwar mijinta, da Baffanai, da wanai, ta ce begen miji ta ka yi? Ta ce kullum safe tana kiran sunanai, sunan da ko uwarta ba ta taɓa ji ga bakinta ba? Ai gara a kore ta. Haka munka tarbiyyantar da ita."

Kunya ta kama ni ƙwarai. Na san sunan tsuntsu, na san launin fiffikensa, amma yarinyar da ke ɗebo mana ruwa shekara biyu ban san komai a kanta ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na ji shi a wuyana.

Na roƙe shi ya hau bayan babur mu tafi tare ya yi wa Inna bayani. Ya ƙi. Ya ce uban mace ba ya zuwa gidan surukai roƙo, kuma ko ya je maganar uba ce, wa zai karɓa. Ya ce gani ya kori ji. In kai tsuntsuwar inda akwai duhuwa da ruwa in sake ta a gaban tsohuwa, ta gani da idonta ko irin mai tafiya ce. Ya ja mini kunne kada in kuskura in sake ta a tsakar gida, don in ba ta ga wurin ɓuya kusa ba za ta yi ta tashi har sai ta samu, shi ke nan na gama kashe 'yarsa. Ya tsinko 'ya'yan ciyawa ya ƙulle mini a tsumma, ya ce gero ya yi mata girma, kuma ba ta ci in ana kallonta, a lulluɓe kwandon a bar ta.

Na lissafa da yatsa. "Baba, gobe kwana biyar ke nan. Saura biyu."

Ya ce, "Mutuncin ɗiyata ya fi kwana biyu."

Na iso Tambuwal rana na shirin faɗuwa, laka har gwiwa. Na sami Baffa da Inna na faɗa musu abin da na gani da abin da aka faɗa mini. Abu ɗaya na ɓoye, ban ambaci kwana bakwai ba. Inna ta saurara fuska a ɗaure, ta ce ai dama uba ba zai ce 'yarsa mayya ce ba. Na ce shi ya sa ba maganarsa nake so ta karɓa ba, idonta nake so ta karɓa. Na ce a kai ta lambun Baffa da ke fadama a sake ta. In ta tashi ta bar wurin, ni da kaina zan ɗauki yarinyar a babur in kai ta, ba kuma zan ƙara buɗe baki a zancen ba.

"In tat tafi fa?" in ji Inna. "In tat tafi, kai ka ƙara ma ƙanenka nisa. Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka. Ban yarda da abin da take tsoro ba, amma da na faɗa sai da gabana ya faɗi.

Alhamis da hantsi muka tafi mu uku. Yarinyar na gida, kayanta a ɗaure a bakin ƙofa, matata na zaune da ita. Lambun Baffa yana da mangwaro manya da gwaba da ta yi duhu a gefen kwalbatin ruwa, na zaɓi wurin da ya fi kama da inda tsohon ya zaunar da ni. Na sa hannu a kwandon na kamo tsuntsuwar, zuciyarta na bugawa a tafina da sauri, na yanke zaren da reza, na mayar da ita na kife. Inna ta ce kada kowa ya taɓa, ita za ta ɗaga. Ta yi bisimilla ta ɗaga.

Tsuntsuwar ba ta motsa ba. Ta tsaya a kan faifai tana kallonmu da ido ɗaya. Har na fara tunanin ko yunwa ta gama da ita, sai ta tashi fir. Ba ta yi kamar na Kebbe ba. Ta wuce gwabar farko, ta wuce ta biyu, ta karkata bayan mangwaro, ba mu ƙara ganin ta ba.

Inna ta zauna a ƙasa daɓas, ba tabarma ba komai. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Baffa ya dube ni ya dubi rana.

"A jira," na ce.

Muka jira. Inuwar mangwaro ta janye daga ƙafafunmu, muka matsa. Ina ta tunanin wannan ba kurminta ba ne, abokiyar zamanta ba ta nan, me zai tsayar da ita. Tsohon bai ce mini tabbas ba ne, ni ne na zo na yi rantsuwa da abin da na gani sau ɗaya tak. Na fara shirya yadda zan ɗaura kayan yarinyar a babur, da abin da zan ce wa ubanta a gindin tsamiya.

Sai ga wata kurciya ta sauka a kan hanya. Baffa ya yi zumbur. "Ga ta! Wallahi ga ta nan ta dawo!"

Ta gari ce, ko daga nesa na ga doguwar wutsiya. Na dubi Baffa, na gane shi ma wataƙila ya san ba ita ba ce. A karo na farko a rayuwata na ga kuskure na danne harshena da haƙori.

"Ba ita ta ba," in ji Inna, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Kwana biyu ina kallon ta. Kak ku yi mani wayo."

Ban san tsawon lokacin da muka ƙara ba. An fara kiran sallar azahar a wani masallaci can cikin gari, Baffa ya dafa sanda zai miƙe. A nan ne na ji shi, can ƙasa-ƙasa daga cikin gwaba, ɗaya-ɗaya a hankali, sannan da sauri yana raguwa. Na riƙe rigar Baffa. Sai ga ta ta fito da ƙafa daga ƙarƙashin gwabar ta biyu, tana gyaɗa kai, tana tsinta a gefen ruwa, tabon fiffikenta na ƙyalli in ta ratsa haske.

Inna ta miƙe da kanta ta tafa hannu da ƙarfi. Tsuntsuwar ta tashi, ja ya bayyana, ta faɗa duhuwar da ke kusa. Inna ta tsaya. Da ta sake fitowa Inna ta sake korar ta, ta sake dawowa. Inna ba ta yi na uku ba. Ta ɗauki kwandon ta kama hanyar gida, muka bi ta a baya.

Kai tsaye ɗakin yarinyar ta shiga. Ni na tsaya a waje daga gefen ƙofa, inda wan miji ya kamata ya tsaya. Na ji ana kwance ƙullin kaya, na ji muryar Inna tana cewa a mayar da kwanoni inda suke. Daɗi ya kama ni. Sai na ji ta yi ƙasa da murya.

"Kwana nawa anka ce ki riƙe ta?"

Da ƙyar yarinyar ta ce, "Bakwai, Inna."

"Nawa kinka yi?"

"Yau biyar."

Inna ta fito. Ta tsaya a gabana, ƙanƙanuwar tsohuwa, sai da ta ɗaga kai sannan ta ga fuskata.

"Ka san da hakanga?"

Na ce na sani.

"Kwana biyu ɗai sunka rage ma ɗana," ta ce, "kab bari nis sake ta da hannuna."

Ba ta jira amsa ba. Ta koma ciki, na ji su biyun suna kuka tare.

Yarinyar ba ta tafi ba. Tana gidanmu har yau, kwano ɗaya suke ci da Inna, kuma duk wanda ya kuskura ya tayar da tsohon zancen, Inna ce ke fara tare shi. Ni kuwa ina gaishe da Inna tana amsawa, ba ta taɓa sake ambata mini maganar ba. Har gobe ban yarda tsuntsu na korar mutum ko kiransa ba. Amma ran Asabar ɗin nan da kwana bakwai za su cika, na ce wa matata zan je duba wata gona, sai na tsinci kaina a tasha. Na zauna a bencin mai shayi ina duban duk motar da ta tsaya da duk wanda ya sauko, tun hantsi har la'asar. Da mai shayin ya tambaye ni ko baƙo nake jira, na ce masa a'a, na tashi na tafi gida.